Malafar da Isiyaku Ya Riƙe wa Wani

Ku da kuka san Isiyaku ɗan dako a Karantina, unguwarmu ta bakin teku a ƙasar Makka, ku faɗa mini, wa ya taɓa ganin tsakiyar kansa? Kullum yana ƙarƙashin malafar nan ta ƙasar Jawa mai tsini, saƙar gora, faɗinta kamar faifai. Amma ka kuskura ka ce malafarsa ce!

"Ba tawa ba ce, ya shehu. Amana ce."

Tare muke dako a bakin teku ranar da ya same ta. Wani dattijo Bajawe ya sauko daga jirgin ruwa da harami, ba damar rufe kai. Ya miƙa wa Isiyaku malafar, ya nuna Makka, ya nuna ƙasa, wato riƙe mini sai na dawo. Shi ke nan, ba a sake ganinsa ba. Isiyaku kuwa ya ɗora ta a ka don mai ita ya hango ta daga nesa, har gemunsa ya yi fari.

Wata rana matarsa Saude ta rufe tuwo da ita. Kai, ranar unguwa ta ji ihu!

"Saude! Amanar Allah kika kifa a kan tuwo?"

"Yalla, haba Malam, idan mai ita ya zo ai sai ya ci."

Da la'asar yakan zauna yana kallon teku, ya shinshina malafar, ya lumshe ido, ya yi ta ba mu labarin ƙasar Jawa. Wai can ruwa ba ya ɗaukewa, shinkafa koriya shar har gindin duwatsu, hazo na yawo cikin gonaki kamar tumaki. Mutumin da ko Ɗa'ifa da ke nan kusa bai taɓa zuwa ba! Mu kuwa mu saki baki, har mukan ji sanyi.

Ya yi ta yi mata faci da kaba har goran ya kusa ƙarewa. Na ce, "Isiyaku, yanzu ko mai ita ya zo ba zai gane ta ba."

"Halas, zance ya ƙare, ita za ta gane shi."

Ciwon ajali ya kama shi ana saukar alhazai. Ya jawo hannuna ya ce, "Garba, jirgin Jawa ya iso. Je ka tsaya, kada ya zo bai ga kowa ba."

Ni da na fi kowa yi masa dariya, na ɗora malafar a kaina na tafi, ina tafe ina hawaye. Kafin na dawo ya cika.

Allah, ka ga yadda bawanka ya riƙe amana. Ka haɗa su a inuwarka, shi da dattijon nan, ya samu ya huta.