Ruwan Zafi a Banɗakin Inna

Shekarun baya can, lokacin da ciwon gwiwa ya matsa wa mahaifiyata, na je Dauran na ɗauko ta zuwa gidana a Ƙaura don ta fi kusa da asibiti. Ni da maigidana mun gyara mata ɗaki mai banɗaki a ciki, da farin tayil, da masai na zama, da hita mai dafa ruwa. Ni kuwa sai hura hanci nake yi, wai na raba tsohuwa da wahala.

Ranar da ta iso, ta tsaya bakin ƙofar banɗakin ta daɗe tana kallo. Hasken la'asar yana shigowa ta 'yar taga yana kwanciya a kan tayil. Don in burge ta na murɗa famfo, ruwa ya zubo yana tururi, ya bi magudana ya wuce. Sai ji na yi ta cafke mini hannu.

"Ke! Haka kuka zuba ruwan zahi ba sanarwa?"

"Inna, wa za a sanar wa?"

"Masu wurin mana. Kin san ko da ɗiyansu kwance nan ƙasa?"

Aljanu take nufi. A gidanmu na ƙauye, wurin wanka daban, ramin masai daban, kuma ba a watsa ruwan zafi sai an yi bismillah an ce a kauce. Nan kuwa an haɗe komai a ɗaki guda. Ba za ta ambaci sunan Allah kusa da masai ba, ba kuma za ta zuba ruwan zafi a kan bayin Allah bakinta a rufe ba. Sai ta koma wanka da ruwan sanyi a waje, can bayan ɗakuna, gwiwoyin suka ƙara kumbura. Wata safiya na tarar ta ɗaure kayanta a zane, ta ce a mai da ta gida. Na san in ta koma, zuwa asibiti ya ƙare ke nan.

Na shiga yi mata bayani irin namu na 'yan boko. Na ce wannan ba irin masan da ta sani ba ne, ana danna ruwa komai ya tafi, ba abin da ke tashi sai ƙamshin sabulu. Me aljani zai tsaya yi a nan?

Ta dube ni da tausayi. "Ke da kinka baro ƙauye kinka samu wuri mai kyawo, su ba su iya tasowa?"

Sai na kira kawuna, ƙanenta, wanda ke karantarwa a Shinkafi. Ya zo ya leƙa banɗakin, ya ce in ta yi bismillah da addu'ar neman tsari daga waje kafin ta sa ƙafa, ya wadatar.

"Wannan ai kaina na tsare," in ji ta. "Su hwa?"

A nan na gane ashe ba tsoronsu take ji ba, haƙƙin maƙwabtaka take gudu. Kawu ya yi murmushi.

"To Yaya, ki hwaɗa masu daga nan ƙohwa. Ai ba kurame ba ne."

Ta kwance kayanta. Daga ranar, kullum da hantsi takan dafa bango ta tsaya a ƙofa, ta yi addu'arta, ta ƙwanƙwasa a hankali ta ce, "A kauce da ɗiya, ruwan zahi na tahe." Sai ta ɗan jira, kamar yadda ake jiran matan gida su kintsa. Ni ina zaune a bakin gadonta ina jin saukar ruwa, tururi na fitowa ta ƙasan ƙofa. Wani lokaci har nakan ga kamar ina hango su, suna naɗe tabarmi suna saɓa jarirai a kafaɗa ba tare da gaggawa ba.

Ta zauna da mu har ƙarshen rayuwarta. A watanninta na ƙarshe magana ta ɗauke mata, ni nake tallabo ta zuwa wanka. Ran farko ina ƙoƙarin shiga da ita sai ta ƙanƙame ƙofa, ta zuba mini ido. Na ƙwanƙwasa, na faɗi maganar a madadinta, muka jira tare. Sannan ta saki ƙofar.

Har yau ban san ko akwai mai sauraro a wurin ba, Allah shi ne masani. Abin da na sani, mace ce ta haife ni da ta yarda ta sha ciwo da ta ƙona ɗan wani, ko da ba ta taɓa ganinsa ba. Ina kewarta ƙwarai. Allah ya ji ƙanki, Inna.