Ɗanbaba da Ruwan Ikko

Ɗanbaba mutumin Horo Birni ne, can ƙasar Shagari, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a masallaci, kafin liman ya shafa addu'a shi ya riga ya lalubo takalmansa. To irin wannan mutum ne Allah ya ba aikin gadi a Ikko, aikin da ba a neman komai a cikinsa sai zaman benci.

Hatsin gida ne ba ya kai su ƙarshen rani, shi ya sa ya fita nema. Ranar da zai tafi, baffansa Sha'aibu, wanda ke riƙe da gonakin gidan tun rasuwar mahaifinsa, ya kira shi ya ce, "Tahi, ba ni hana ka. Amma gonar ubanka ba ta kwana ukku da danshi babu iri. Shekarad da ruwa sunka sauka ba ka nan, in ba wani aro." Ɗanbaba ya san halin aro. Wanda ya zuba wa gona taki ba ya sakinta da daɗin rai.

Ikko kuwa ta ba shi abin kallo. Ya ga mutane suna cin abinci a tafe, suna sa takalmi a tafe. Ya ga maƙwabta biyu sun shekara ƙofa na kallon ƙofa, ba wanda ya san sunan wani. Yakan ce gari ne da kowa ke sauri irin nasa, shi kaɗai aka ɗaure a bakin ƙofa.

Wata ranar Talata cikin watan Maris, da hantsi, sai gabas ta yi baƙi. Kafin azahar ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutanen gari suka watse suna tsaki, ko ɗaya bai ce alhamdu lillahi ba. Ɗanbaba ya tsaya yana kallon ruwan shuka na gudu a kan siminti yana faɗawa kwata, zuciyarsa na ƙuna. Washegari aka sake yi. Ya buga wa matarsa Basira waya can gida, ta ce ko gajimare babu. Ya ce a ransa, mai zaman cikin gida ina ta ga gabas? Ruwan da ya kwana biyu a nan, ai yanzu yana hanya. A rana ta uku ya miƙa wa matar gidan da yake gadi makulli, ya hau motar albasa da ke komawa arewa ba kaya.

Ya sauka Bodinga, kusa da gida, rana na dukan ƙasa, manoma na ta ɗinke buhunan albasa. Damina saura wata biyu da ɗoriya. Taubashinsa Ummaru, ɗan gwaggonsa, shi ya fara ganinsa a tasha. Da ya ji dalilin zuwan, sai da ya zauna ƙasa don dariya. Kafin la'asar labari ya kai Shagari, kuma daga ranar sunan Ruwan Ikko ya manne masa. Wannan shekarar dai ya yi noma, amma ya yi shi cikin kunya.

Bayan kaka ya koma, ya samu gadi a wani gidan, ya rantse ruwan kudu ba zai sake yi masa wayo ba. Sai dai taubashi ba ya barin abin tsokana ya huce. Tun daga Maris, kusan duk mako Ummaru zai kira shi: "Ruwan Ikko, maza taho, ruwa sun sauka!" Sai a ji 'yan majalisa sun kwashe da dariya a bayansa. Ɗanbaba ya zage shi, su rabu lafiya. Amma in ruwa ya tsuge a Ikko, ya dinga kai da kawo ke nan daga ƙofa zuwa benci, tafin hannunsa na ƙaiƙayin sungumi.

Ran nan, farkon Yuni, Ummaru ya kira da safe. Babu dariya a bayansa. Ya ce, "Ɗanbaba, wanga karo gaskiya ta. An yi ruwa jiya, Baffa na tambayarka."

"Ka sake dabara," in ji Ɗanbaba, "wagga ta tsufa." Ya kashe wayar gaba ɗaya, yana jin daɗin yau dai ya ci taubashi. Da sunansa na gaskiya aka kira shi, amma bai lura ba.

Sai bayan kwana huɗu ya kunna, kiran Basira ya shigo. Baffa ya jira kwana ukun da ya faɗa, danshi na shirin tafiya, ya ba Ummaru gonar.

Yau shekara huɗu ke nan. Ɗanbaba yana nan a Ikko, bai koma noma ba, don duk damina Baffa sai ya ce a bari Ummaru ya ci takinsa. Ummaru kuma ya daina tsokanar, abin da ya fi zagi ciwo a wurin Ɗanbaba. Duk kaka yakan kai wa Basira dammuna, ya kuma aiko da buhun gero ɗaya ta motar albasa.

Bana ma buhun ya iso. Ɗanbaba ya kwance bakinsa, ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo ya shinshina. Ya gane irin, wanda mahaifinsa ke ajiyewa ne a ƙwarya. Maigadin gidan da ke kusa ya leƙo ya ce, "Kai, ka ji daɗi, wa ya yi maka kyautar gero haka?"

Karo na farko a ranar, Ɗanbaba ya zauna a kan bencin. Ya ce, "Wani mai gona na, can garinmu."