Tambayoyin Hajiya Falmata

Yau Talata da safe labarin ya riske ni: Hajiya Falmata ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara da shekaru ina riƙe da wata magana a ciki, yau kam zan faɗa. Ba mu yi wa matar nan adalci ba, kuma har da ni.

Tare muka yi aiki a asibiti, sashen fisiyo, wajen gashin ƙashi in ji mutanen gari. Ni ne shugaba, ita ke duba mata masu ciwon ƙugu, masu ciki da masu jego.

Fom aka kawo mana na auna ko magani na aiki. A ce wa mace ta zaɓi lamba daga sifili zuwa goma gwargwadon zafin ciwo. Wanda ya san matanmu ya san amsar. Mace na cije leɓe za ta ce maka, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ba a yi wa Allah butulci, ba a kuma kunyata mai magani.

Na tuna wata daga Kwaciri da ƙannenta biyu suka shigo da ita a rirriƙe. Ta zaɓi lamba biyu. Na ɗauki biro zan sallame ta.

Falmata ta ce, "Oga, dakata." Ta juya wurin matar. "Baiwar Allah, asuba a tsaye kika yi ta ko a zaune?"

"A zaune. Tun cikina yana wata shida."

"Juyi kan katifa fa?"

"Sai an juya ni."

Na ajiye biron.

Akwai kuma wata Maman Chidi mai shago a Sabon Gari, kullum goma take cewa don kada a yi mata gaggawa. Falmata sai ta yi dariya ta ce, "Madam, ajiye gomarki. Kin iya durƙuso a coci ran Lahadi?" Daga nan ake gane gaskiya.

Haka take auna su. Ruku'u, goyo, ɗaga ƙafa a shiga adaidaita, tsugunno a banɗaki. Bayan sati biyu ta sake tambaya, ta ga abin da ya dawo.

Na kai maganar tambayoyin nata gaban kwamitin asibiti. Suka ce tambayoyin ba su bi ta hanyar bincike ba, sai an rubuta, an gwada, an tantance. Gaskiyarsu ce, amma ko ɗaya bai ce zai taimaka ba. Wani ma agogo yake dubawa. Na yi fushi na tattara takarduna. Digiri biyu gare ni, rubutun nan aikina ne. Na zaɓi fushin, na riƙe shi har na yi ritaya.

Ita ba ta yi fushi ba. Lokacin da maiɗakina ta kwanta rashin lafiya, duk Asabar sai ta zo gidana a Fagge ta motsa mata ƙafa, ta zo da kunun gyaɗa a fulas. Ko godiya ba ta tsayawa ji.

Ganinmu na ƙarshe a Bata ne, kafin azumi. Tana saukowa daga adaidaita, ta rame.

Ta ce, "Oga, har yanzu ana gaba da duniya?"

Na ce, "Duniyar ce ta fara."

"To ku shirya. Kai ke da Turanci, ni ke da matan. Ka zo mu zauna mu rubuta abin nan. Yaran da aka kawo mana yanzu lamba kawai suke tambaya."

Na ce, "Hajiya, wa zai karanta?"

"Kai dai ka zo."

Na ce bayan salla. Salla biyu suka wuce.

Na gaji da cewa ƙasar nan ba ta san darajar mutane ba. Ni na san darajar tata, kuma ban je ba.

Allah Ya jiƙanki Falmata, Ya yafe miki, Ya sa kin huta. Ya ba 'ya'yanki haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a, ko da bai san ta ba.

Ɗazu a wurin jana'iza na tambayi babbar 'yarta ko ta bar wani rubutu. Ta ce babu. Komai a ka ta riƙe.