Kulu da Magen Karantina

Na san Kulu tun tana rarrafe a tsakar gidan kakarta a unguwar Karantina ta Jidda, gidansu yana jikin namu. A takarda sunanta Hauwa, amma ba mai kiranta haka sai malaman makaranta. Ubanta ya rasu tana 'yar shekara huɗu, uwarta ta sake aure a Makka, sai Iya, kakarta ta wajen uba, ta riƙe ta. Iya Basakkwaciya ce, tun tana goye iyayenta suka taso da ita zuwa hajji ta Sudan, ba su koma ba. Gyaɗa da yaji take sayarwa a ƙofar gida, kuma har ta mutu ba ta yarda ta yi wa jikarta Larabci ba.

Shi ya sa Hausar Kulu ta fita daban. A waje Larabcin Jidda take yi kamar kowane yaro, a gida kuwa sai ka ji 'yar shekara goma tana cewa "mi kika ce" da "wurin ga", da muryar tsohuwa mai shekara tamanin, ga mace ta zama namiji a bakinta, ga Larabci a tsakiyar zance. Mun yi mata dariya ba kaɗan ba, kuma ni Mastura ina sahun gaba, ba zan ɓoye ba. Da ta fara girma sai ta rufe bakin. Ka yi mata Hausa, ta ba ka amsa da Larabci.

Akwai mage a gidan, fara mai tabon baƙi a kunne, Iya ta sa mata suna Baƙuwa don da kanta ta shigo wata rana ta zauna. Lokacin da aka rubuta jan rubutu a bangon gidajenmu aka ba mu wa'adin tashi don za a rushe unguwar, kowa ya kama inda zai iya. Ni na koma unguwar Mahjar da keken ɗinkina. Iya da Kulu suka raɓa wajen Hamad, yayan Kulu, a ɗaki biyu da matarsa da 'ya'yansa. Iya ba ta cika wata biyar a can ba ta rasu. Abin da Kulu ta fita da shi daga Karantina, akwati ɗaya ne da magen nan a kwali.

Bayan rasuwar sai wani ciwo ya sami Kulu. Tana zaune lafiya sai ƙirjinta ya cushe, ta ga kamar mutuwa za ta yi. Likitar da ta duba ta ta lura abin yana lafawa in ta rungume magen tana yi mata magana, sai ta rubuta mata takarda a kan haka. Da wannan takardar Kulu ta shiga gidan kwanan ɗalibai mata a unguwar Safa lokacin da ta fara karatun jinya. Dokar gidan ta hana dabba, amma Abla Wafa', mai kula da gidan, ta karanta takardar ta ce to, muddin abokiyar ɗakinta ta yarda.

Abokiyar ɗakin ita ce Fatimatuzzahra, 'yar Kano, wadda ta zo karatu daga Najeriya, ana ce mata Zahra. Ranar farko ta tarar da Kulu tana ce wa magen, "Taho nan, mi kika ci yau?" Zahra ta saki jaka ta yi dariya, amma ba irin tamu ba. Ta ce wallahi kamar kakarta ta wajen uwa take ji, don Allah ta ƙara faɗa. Kulu ta zo mini ranar Juma'a tana ba ni labari, fuskarta a sake, rabon da in ga haƙoranta tun kafin rushe unguwa. Ta samu wadda za ta yi wa Hausa ba a gyara mata ba. Suna dafa shinkafa da wake tare, Zahra tana koya mata kalmomin 'yan zamani, ita tana nuna mata inda ake samun daddawa a Jidda.

Kulu ba ta manta sharaɗin Abla Wafa' ba. Tun makon farko ta tambayi Zahra ko mussar, wato magen, tana damunta. Zahra ta ce, "Haba, ba komai."

To a nan aka samu matsala, kuma ni ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, duk da na ji haushin su biyun. Kulu ta tashi cikin mutanen Jidda, waɗanda in ba sa son abu za su gaya maka a fuskarka, ku yi hayaniya, a sha shayi a wuce. A wurinta ba komai yana nufin ba komai. Zahra kuwa an rene ta a gidan da ba a ce wa marainiya ta fitar da abin da ta gada daga kakarta. Kana cewa ba komai, sai ka bar mutum ya duba da idonsa ya gane. Kuma ta ba da abin dubawa. Tana atishawa tana cewa sanyin mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki. Ta ɗauke dardumarta ta koma salla a falo. Ta fara wuni a laburare har magariba. Sau uku Kulu tana sake tambayarta cikin wata huɗu, sau uku tana jin amsa iri ɗaya, sai ta kwantar da hankalinta. Ba ta san Zahra tana da asma tun tana ƙarama ba.

Wata Talata da hantsi, suna tsakiyar darasi, numfashin Zahra ya sarƙe har aka kai ta asibiti. Likita ya tambaya ko akwai dabba inda take kwana. Washegari takardu biyu ne a teburin Abla Wafa', ɗaya ta ce Kulu tana bukatar magen, ɗaya ta ce Zahra ba za ta kwana ɗaki ɗaya da mage ba.

Da Abla Wafa' ta kira su biyun, Kulu ta tsorata, kuma tsoronta da faɗa yake fitowa. Hausar ta gudu daga bakinta, ta juya Larabci tana cewa ai ta tambaye ta, sau nawa ta tambaye ta. Zahra ta ce a hankali, da Hausa, "Yaya kike so in ce miki? Kina gani ina tari. Na zaci za ki gane."

"Kazzaba," in ji Kulu.

A bakin 'yan matan Jidda wannan kalmar tana fita ko a wasa. Zahra kuwa Larabcin littafi ta karanta, abin da ta ji shi ne an kira ta maƙaryaciya a gaban babba, bayan wata huɗu tana shanye ciwo saboda mai kiran. Abla Wafa' ta ce halas, wato magana ta ƙare, takardar Kulu ta riga zuwa, ita za ta zauna, Zahra ta koma hawa na uku. Kafin la'asar an kwashe kayanta. Ba wadda ta yarda ta maye gurbin, sai Kulu ta zama ita kaɗai mai ɗaki guda a duk gidan, sauran ɗalibai har suna cewa ta ji daɗi.

Ta zo mini Mahjar tana huci, wai an yi mata munafunci. Na ajiye ɗinkin na zaunar da ita na yi mata bayanin abin da ake kira kawaici, da yadda mutanen ƙasar Hausa suke faɗin magana ba tare da sun faɗe ta ba. Sai ta ce me ya sa Iya ba ta koya mata wannan ba. Na ji kunya, don mu da ya kamata mu ƙarasa koya mata, dariya muka tsaya yi.

Ta ce za ta ba da haƙuri, kuma da Hausa za ta bayar, Hausa mai kyau irin ta Kano. Juma'a biyu muna shirya maganar, ni ina faɗa tana maimaitawa, tana rubutawa a wayarta da haruffan Larabci. Magen ba za ta iya rabuwa da ita ba, wannan ta sani, Zahra ma ba za ta dawo ɗakin ba. Abin da take so kawai ta riƙa hawa sama wani lokaci ta zauna su yi hira kamar da.

Kulu ta tare Zahra a kan matakala bayan la'asar, ta faɗi duk abin da ta haddace tun daga farko har ƙarshe. Zahra ta tsaya ta saurara, ba ta katse ta ba. Da ta gama, sai ta yi murmushi, ta amsa mata da Larabci tsaf, cikin ladabi, irin wanda take yi wa ma'aikatan banki. Ta ce Allah ya yafe wa kowa, ta gode, tana da darasi. Ta sauka.

Tun daga ranar haka suke gaisawa in sun haɗu. Kulu tana shekarar ƙarshe yanzu, ciwon ya yi sauƙi, magen ta tsufa ta yi ƙiba. Amma a yammacin nan da abin ya faru ta kira ni a waya, da Larabci, ta maimaita mini kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Khala," wato inna, "ina na yi kuskure? Wace kalma na ɓata?"

Na ce mata babu, duk ta faɗa daidai.