Zakara a Tsakiyar Ganawar Neman Digirin Dakta

A shagon kofi na bakin kasuwar birnin Makassar, wani mutum yana zaune gaban kwamfuta, kwat a sama, zane a ƙugu, furfura ta fara cin gemunsa. Ta cikin kwamfutar, farfesoshi daga Japan suna yi masa tambayoyin shiga digirin dakta a ilimin tsuntsaye. Da ganinsa, ina jin damarsa ta ƙarshe ce.

Zakaran mai shago ya yi cara, ya ƙara, ya danne amsarsa. Sai mutumin ya kashe hoto da sauti, ya cafko zakaran, ya murɗe wuyansa, ya maka shi da bango.

Mai shago ya ƙwala ihu, yana kiransa da laƙabin girmamawa na garin, "Daeng, haukacewa ka yi?"

Ko kallonsa bai yi ba. Ya sake kunna hoto da sauti, yana murmushi, gashin zakara manne a kwat ɗinsa.

"Farfesa, tun ina yaro nake ƙaunar tsuntsaye."