Dakashin da Goggo Za Ta Zubar

Ƙanwata ta haihu a Kara, ƙauyenmu da ke ƙasar Gwarzo, haihuwar fari, yarinya 'yar mitsitsiya da ta zo kafin watanninta su cika. Lokacin ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Kabo. Kafin in sami mota in iso an yanke cibi, an yi wanka, Goggo kuma, yayar mahaifinmu wadda ita ce ungozomar gidanmu, ta riga ta kama mulkin ɗaki.

Na tarar da ita a durƙushe tana tatse nonon mai jego cikin kofin silba, ruwan farkon nan mai kauri, rawaya-rawaya, wato dakashi. Jaririya kuwa tana gefe ana ɗiga mata jiƙon dabino da ruwan randa.

"Goggo, ina za ki kai wannan?"

"Bayan ɗaki mana. Dauɗa ce, wata da watanni tana kwance a jiki. Sai nono ya yi fari tas za a ba ta, nan da kwana uku."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba ranar na fara ganin al'adar ba, amma ganinta a kan jininka daban ne. Dakashi ba abinci ne kawai ba. Ƙwayoyin jikin uwa suna sakin wasu 'yan ƙulle-ƙulle, ƙanana ƙwarai, ko madubin gwajinmu ba ya kama su, kowanne ɗauke da saƙo. Su bi nono su shiga hanjin jariri, su taimaka wajen koya wa garkuwar jikinsa abin da za ta yaƙa da abin da za ta ƙyale. Yarinyar da ta zo bakwaini ta fi kowa bukatar wannan, ga shi ana shirin ba wa ƙasa.

Na zage na yi wa Goggo bayani. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Abin da ido bai gani ba shi zai yi wa jaririya karatu? Boko ya gama da ke, 'yar nan."

Abin da ya fi ƙona mini rai, Goggo 'yar makiyaya ce. Da idona na taɓa ganin ta bi ƙanin mijinta da muciya don ya tatsi saniya kwana ɗaya da haihuwa. Kowa a gidan ya san maraƙin da bai sha dakashi ba da wuya ya yi ƙarko. Na tuna mata.

"Saniya daban, mutum daban," in ji ta. "Tara na haifa, duk haka aka yi musu."

"Nawa ne a raye, Goggo?"

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Magana zarar bunu ce. Ƙanwata ta sunkuyar da kai.

"Uku," Goggo ta ce.

Ta ajiye kofin. Ta ɗauki jaririyar ta ɗora wa ƙanwata, ta gyara mata kan nono a baki da hannunta, ta fita ba ta dube ni ba.

Ban san abin da ya kashe 'ya'yanta shida ba. Ƙyanda ce, zazzaɓi ne, oho. Ba ni da hurumin ɗora mata. Amma har yau ina jin haushinmu, mu masu farar riga. Shekara da shekaru mata irin Goggo suna karɓar haihuwa a ƙauyukan Gwarzo, mu kuwa abin da muka iya shi ne harara da tsawa in sun kawo mai naƙuda asibiti. Ba wanda ya taɓa zama da ita a tabarma ya faɗa mata cikin mutunci. Sai ni na zo na faɗa mata ta hanyar da ta fi kowace muni.

Ranar suna ana tsakiyar rabon tuwo Goggo ta kamo hannuna ta ja ni bayan rumbu.

"Da na ba su dakashin, da sun zauna?"

Na ce Allah ne masani, Goggo, kwanansu ne ya ƙare.

Ta saki hannuna.

"Ba haka kika ce ba rannan."