Launin Albasar Nagiya

Usta Shehata, wato ƙwararren mai sana'a, ya fi shekara arba'in yana sassaƙa ƙarfe a ƙasan benen gidansa, a wani lungu na garin Mit Ghamr, a Masar. Injinsa tsoho ne, ya saye shi daga wata masaƙa da aka rufe. Manoma ke kawo masa aiki: sandar injin ban ruwa da ta cinye, ko kusar da babu irinta a kasuwa.

Bai taɓa sayen haƙorin yanka ƙarfe da ake ɗaura wa injin ba. Daga tsohon magagari yake fitar da shi, ko sifirin babbar mota. Abin washinsa ma injin wanki ne ya mutu ya cire motar da ke juya shi. Zai gasa ƙarfen har sai maganaɗisun da ya ciro daga rediyo ya daina kama shi, sannan ya tsoma cikin baƙin mai. A nan ƙarfen ya yi tauri, amma kamar gilashi yake. Sai an goge shi ya yi fari, a sake ɗumama shi a hankali, launi ya riƙa hawa. Da ya kai ruwan ɗorawa mai duhu, a tsoma. In an yi sauri, haƙori zai fashe. In an bari ya yi shuɗi, ya yi laushi, ba zai ci komai ba.

Wannan mataki ido kaɗai ke yinsa, kuma idon Shehata ya soma yin yana. Komai ya koma masa ruwan ɗorawa, har farin bango. Sai ya riƙa tsomawa tun ƙarfe bai kai ba. Haƙoransa suka fara fashewa. Ɗaya ya tashi ya tsaga gilashin taga yayin da wani manomi, Basyuni, ke zaune yana jiran aikinsa.

"Usta, sandar injin na kawo, ba kaina ba," in ji Basyuni.

"Kanka ma da ka kawo, da na rage masa kauri."

Basyuni ya yi dariya, amma ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ɗan Shehata, Sabri, da ke aiki a Alƙahira, ya ce a sayar da injin a kai uban asibiti. Shehata ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido, kuma ranar da injin ya fita daga gidan nan, a haɗa da shi.

Matarsa Nagiya ce ta sauko da shayi wata safiya, ta tarar da shi zai tsoma.

"Abu Sabri, wannan ai fari ne fat."

"Ke me kika sani a ƙarfe?"

"Ban san ƙarfe ba. Amma in albasa ce, ɗanya ce."

Ya dakata, yana ƙunƙuni. Ta tsaya a kansa tana kallo, kamar yadda take kallon albasar koshari, dafa-dukan Masarawa, a kasko.

"Saura... saura... Yanzu! Tsoma, tsoho, za ta ƙone!"

Haƙorin nan ya yi wata yana aiki bai fashe ba. Daga ranar, duk lokacin gashi sai ya buga silin da sandar tsintsiya, ta sauko tana mita cewa ta bar tukunya a wuta. Manoma suka dawo. Basyuni kan leƙo ya ce, "Ina babbar ustar? Yaron shago na gani." Shehata bai taɓa gode mata a gaban mutane ba. Kujera dai ya yi mata da bututun ruwa, mai wurin jingina, saboda ciwon gwiwa.

Nagiya ta rasu a shekara ta uku da fara wannan aiki, bayan gajeriyar jinya.

Haƙoran da suka gasa tare suna cikin gwangwanin halawa. Ya riƙa wasa su yana lallaɓawa, suna gajarta, har na ƙarshe ya ƙi kamuwa a injin. Ni maƙwabcinsa ne, na je wurinsa ranar da ya gwada gasa sabo shi kaɗai. Ya kunna wuta, ya riƙe ƙarfen, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini.

"Malam, ya yi kalar albasa?"

Na duba. Ban taɓa soya albasa ba. Na ce ina jin ya yi. Ya tsoma, ya wasa, ya ɗaura. Da haƙorin ya taɓa ƙarfe, sai ya dagargaje.

Ya kashe injin, ya share ɓarɓashin, ya shafa wa gadon injin mai kamar kullum, ya lulluɓe shi da tsohon bargo.

Sabri ya zo da mai saye bayan sallah. Mutum shida suka ciccibi injin da kyar. Mai sayen ya tambaya ko za a haɗa masa da kujerar. Shehata, wanda ke zaune a kanta, ya ce wannan ba ta cikin ciniki.